UAE: Kwamfutar Da Ta Fito A Matsayin Wata Kwamfutar

A shekarar 1995 wani Bajamushe mai suna Bernd Schmidt ya rubuta wata manhajar kwamfuta, ya sake ta ga jama'a kyauta, kuma da bakinsa ya raɗa mata suna Unusable Amiga Emulator, a taƙaice UAE. Kada hankalin mai karatu ya tafi Dubai, wannan UAE ɗin daban ce. Idan aka juya sunan zuwa Hausa, abin da yake nufi shi ne "makwaikwayiyar Amiga wadda ba ta moruwa". Ka taɓa jin furodusan da ya gama fim ya sa masa suna Kada Ka Saya? To, kusan abin da mutumin nan ya yi ke nan, kuma gaskiya ya faɗa. A lokacin manhajar ko tashi ba ta iya yi, balle a yi maganar aiki da ita.

Yau, bayan shekara talatin, mafi yawan masu buɗe wani wasa ko zane ko kiɗan da aka yi a kan Amiga ta hannun 'ya'ya da jikokin wannan manhaja suke bi. Yadda aka taso daga can zuwa nan labari ne na gwaji, gwaji mai cin rai, kuma ya shafi duk wanda ya taɓa ɗora aikinsa na fasaha a kan wata na'ura yana zaton na'urar za ta dawwama.

Wace ce Amiga?

Ranar 23 ga Yuli, 1985, kamfanin Commodore na Amurka ya ƙaddamar da kwamfutar Amiga 1000 a Lincoln Center da ke birnin New York. Bikin ya fi kama da na fitar da sabon fim. An gayyato mashahurin mai zanen nan Andy Warhol, aka zaunar da mawaƙiya Debbie Harry a gabansa, aka ɗauki hotonta da kyamara ya shiga kwamfutar, shi kuma ya shiga shafa masa launi a gaban jama'a. A wancan zamanin yawancin kwamfutocin ofis rubutu kore ko fari suke nunawa a kan baƙin allo, sautinsu kuma bai wuce ƙara irin ta agogo ba. Ita kuwa Amiga tana da launi 4,096 da za a zaɓa daga ciki, tana fitar da sauti ta hanya huɗu lokaci guda, sannan tana iya gudanar da aiki fiye da ɗaya ba tare da an rufe wani ba. Babban injiniyan da ya jagoranci ƙera ta shi ne Jay Miner. A cikin murfin Amiga 1000 akwai sa-hannun waɗanda suka yi aikin, har da sawun ƙafar karyarsa, Mitchy.

A 1987 aka fitar da ƙanwarta mai sauƙin kuɗi, Amiga 500, wadda ta shiga gidaje ba adadi a Turai, musamman Ingila da Jamus. Yara suka samu abin wasa, amma 'yan fim ma sun samu rabonsu. Siginar hoton Amiga tana jituwa da ta talabijin, saboda haka ana iya ɗora rubutu ko zane a kan hoton bidiyo cikin sauƙi. A 1990 kamfanin NewTek ya fito da wata na'ura mai suna Video Toaster da ake cusawa cikin Amiga 2000, ta mayar da ita ƙaramin ɗakin tace hoto, tare da manhajar zane ta LightWave 3D. Jiragen sararin samaniyar da aka gani a fim ɗin farko na shirin Babylon 5 a 1993, da irin waɗannan kwamfutoci Ron Thornton da abokan aikinsa suka zana su, har aikin ya samu kyautar Emmy.

Duk da wannan, a Afrilun 1994 Commodore ya karye. Kamfanin Escom na Jamus ya sayi abin da ya rage a 1995, shi ma ya faɗi a 1996, sai Gateway 2000 ya karɓa a 1997. Kowa ya zo sai ya yi alƙawari ya wuce. Masu Amiga suka fara komawa kan kwamfutar da ake kira PC, suna barin akwatunan faya-fayai a ƙarƙashin gado. Dubban wasanni, zane-zane da kaɗe-kaɗe suna cikin waɗannan faya-fayan, kuma sabuwar kwamfutar ba ta san yaren ko ɗaya daga cikinsu ba. Schmidt yana cikin masu wannan damuwa. Ya daɗe yana rubuta manhajoji a kan Amiga, ba ya so ya rabu da kayansa, ga shi kuma kowa yana cewa kwaikwayon Amiga abu ne da ba zai yiwu ba.

Wasan kwaikwayo a cikin kwamfuta

Abin da Turawa ke kira emuleta ba shi da wuyar ganewa ga mai kallon fim. Ɗan wasa ne. Sabuwar kwamfuta ce ake ba rol ta fito a matsayin tsohuwa. Tsohuwar manhaja za ta ba da umarni da yaren tsohuwar na'ura, makwaikwayiya ta karɓa, ta fassara, ta yi daidai abin da tsohuwar za ta yi, ta mayar da amsa, har manhajar ta gama aikinta ba ta gane an yi mata sojan gona ba. Sai dai wannan rol ne mai wuya, irin na wanda aka ce ya fito a matsayin wani mamaci alhali iyalan mamacin suna zaune a layin gaba. Sun san tafiyarsa, sun san tarinsa, sun san yadda yake karkata hula. Kuskure kaɗan ya isa su ce ai wannan ba shi ba ne.

Kafin 1995 an riga an yi wa ƙananan kwamfutoci irin su ZX Spectrum da Commodore 64 makwaikwaya. To me ya sa ake ganin ta Amiga ta gagara?

Ƙwaƙwalwar Amiga, wato cif ɗin Motorola 68000, ba ita ce babbar matsalar ba. Gudunta bai wuce megahaz 7 da 'yan kai ba, kuma littattafan kamfanin sun bayyana umarninta dalla-dalla. Schmidt ma bai zauna rubuta fassarar kowane umarni da hannu ba. Ya tsara jadawalin umarnin ne, sannan ya rubuta wata ƙaramar manhaja da ke karanta jadawalin tana haifar da fassarar da kanta. Akwai dai wani ɗan saɓani da tilas a kula da shi a kowane mataki: 68000 tana ajiye lamba ta faro daga babban ɓangare, ita kuwa ƙwaƙwalwar Intel da ke cikin PC daga ƙarami take farowa, kamar dai bambancin mai rubutun boko da mai rubutun ajami. Ka manta ka juya wuri ɗaya, lissafi ya watse.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasu cif guda uku da aka ƙera wa Amiga ita kaɗai, aka ba su sunayen mata: Agnus, Denise da Paula. Denise ce mai hoto. Paula ce mai sauti da kula da faifai. Agnus kuwa ita ce uwargida, ita ke raba wa kowa lokacin shiga rumbun ajiya, kuma a cikinta akwai wasu ma'aikata biyu, Blitter da Copper. Blitter ɗan dako ne, aikinsa kwashe gutsuren hoto daga nan zuwa can da sauri, da ja layi da cike fili da launi. Shi kuwa Copper, a nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin shi ne ya hana masu kwaikwayo barci.

Wanda ya san tsohuwar talabijin mai ƙeya ya san ba a dunƙule hoto ke fitowa ba. Wani ɗigon haske ne ke gudu daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, layi ɗari uku da 'yan kai, sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya a tsarin PAL. Ido ne ba ya iya bin sa. Copper umarni uku kacal ya sani: jira, sanya, tsallake. Za a ce masa ya jira har hasken ya iso layi kaza wuri kaza, sannan ya canza launi kaza. Da wannan ɗan abin, kwamfutar da a ƙa'ida launi 32 take nunawa a lokaci guda sai ga ta tana shimfiɗa sararin sama mai launi a jere kamar na faɗuwar rana, domin kowane layi ana sauya masa launi kafin hasken ya iso. Ana iya raba allo biyu, sama da wani tsari ƙasa da wani. Wasan Shadow of the Beast na kamfanin Psygnosis da ya fito a 1989 ya yi suna ne da irin wannan: gajimare, duwatsu, bishiyoyi da ciyawa kowanne yana tafiya da nasa saurin, sai ka ce kyamara ce ke bin jarumi.

Ka ga ke nan makwaikwayiya ba za ta jira a gama lissafi sannan ta zana hoto sau ɗaya ba. Dole ta riƙa bin sawun wani haske da babu shi, tana rubuta duk canjin da aka yi da daidai wurin da aka yi shi. Bugu da ƙari, Amiga ba ta ajiye launin ɗigo a wuri ɗaya kamar yadda PC ke yi. Tana rarraba shi ne a kan shimfiɗu har biyar ko shida, kamar takardun leda da aka jera a kan juna, sai an tattaro daga kowace shimfiɗa kafin a san launin ɗigo guda. Allon da aka fi amfani da shi a Turai ɗigo 320 ne a kwance, 256 a tsaye, wato 81,920. Ka ninka sau 50, ka samu ɗigo sama da miliyan huɗu a kowace daƙiƙa, kowanne sai an yi masa wannan tattarawar. Denise an ƙera ta ne don haka, ba ta jin komai. PC ɗin 1995 kuwa sai ta yi gumi.

Sai kuma batun layi. Duk waɗannan ma'aikata rumbu ɗaya suke ɗiba, kamar unguwa mai famfo ɗaya. A tsawon kowane layin hoto akwai damar ɗiba kimanin 227, kuma akwai wanda ke gaba da wani. Idan hoton allo mai launi da yawa ne, Denise za ta cinye dama da yawa, ita kanta ƙwaƙwalwar sai ta jira, gudunta ya ragu. Masu rubuta wasanni sun san wannan lissafin kamar yunwar cikinsu, a kansa suka gina ayyukansu.

Kafin a fara gwaji

Ko da manhajar ta yi kyau, akwai abu biyu da sai an samo su daga ainihin na'urar. Na farko shi ne Kickstart, wato manhajar da aka dasa cikin wani cif a jikin Amiga, wadda ke tayar da ita idan an kunna. Wannan mallakar kamfani ce, ba a isa a raba ta tare da UAE ba. Sai aka haɗa wata 'yar manhaja mai suna transrom, mai Amiga ya gudanar da ita a kan tasa na'urar, ta kwafo masa Kickstart ɗinsa ta mayar da shi fayil. Sai a 1997 kamfanin Cloanto na Italiya ya samu lasisi ya fara sayar da kunshin Amiga Forever, mai ɗauke da makwaikwayiya da Kickstart na halal.

Na biyu shi ne faya-fayan. A ido faifan filofi na Amiga da na PC iri ɗaya ne, inci uku da rabi. Amma PC tana yanka kowane zagaye gida 9 tare da barin tazara, ta samu kilobayit 720, ita kuwa Amiga tana rubuta zagayen a jere gida 11, ta samu 880. Na'urar karanta faifai ta PC ba ta iya karanta wannan tsarin. Dole a koma kan Amiga da wata 'yar manhajar, transdisk, ta karanta faifan zagaye bayan zagaye ta mayar da shi fayil ɗin da ake kira ADF, mai girman bayit 901,120, wanda bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar hannu ta yau ba. Daga nan sai a tura shi ta waya zuwa PC yana tafiyar hawainiya, ko a raba shi biyu a ɗora kan faya-fayai masu tsarin PC a kai da hannu. Faifai ɗaya ke nan. Akwai masu ɗari biyar.

Hannu, da jan akwati

Matakin farko na jarrabawa kowane mai Amiga 500 ya san shi. Idan ka kunna ta babu faifai, farin allo ne zai fito da hoton hannu riƙe da shuɗin faifai, alamar a saka. Ganin wannan hannun a cikin tagar wata kwamfuta daban babbar nasara ce, domin yana nufin ƙwaƙwalwar jabu ta karanta Kickstart, ta bi dubban umarni ba ta ɓata ba, kuma Denise ta jabu ta zana abin da aka ce. Bayan hannu sai Workbench, teburin aikin Amiga. Da aka kai nan, sunan farko ya daina dacewa, aka koma fassara harafin U da Unix, babbar manhajar da aka fara gina ta a kai. Daga baya da ta bazu ko'ina wasu suka riƙa cewa Universal, wasu Ubiquitous, har aka haƙura aka bar ta UAE kawai.

Idan abu ya lalace kuwa, Amiga tana da tata hanyar sanarwa: baƙin allo da jan akwati yana ƙyaftawa, a ciki an rubuta Guru Meditation da wasu lambobi. Sunan ya samo asali ne tun kamfanin yana ƙarami, lokacin da injiniyoyin ke zama a kan wani katakon wasa da suka ƙera, su tanƙwashe ƙafa su yi shiru kamar masu zuzzurfan tunani na Indiya idan aiki ya cushe. Ga mai gwajin makwaikwayiya wannan akwati abokin hira ne na kullum. Abin dariyar shi ne, fitowarsa ma wata 'yar nasara ce: aƙalla na'urar jabu ta iya faɗuwa irin faɗuwar ta ainihi.

Manhajoji masu ladabi, irin su Deluxe Paint ta zane, ba su cika ba da wahala ba, domin suna bin ƙofa, suna neman komai ta hannun babbar manhaja. Wasanni ne 'yan haure. Da yawansu da zarar sun tashi sai su kori babbar manhajar gaba ɗaya su riƙa magana da cif kai-tsaye, kuma a nan ne duk wata ƙarya ke fitowa fili.

Misali, ƙa'ida ita ce idan ka ba Blitter aiki ka jira ya gama kafin ka ba shi wani. Akwai masu rubutun da suka manta da jiran, amma a kan Amiga 500 ba a taɓa ganin aibin ba, saboda kafin ƙwaƙwalwa ta dawo Blitter ya riga ya gama. Sa'a ce kawai. A makwaikwayiyar da Blitter ɗinta ya ɗan yi jinkiri, sai hoto ya dagule. Ka ce to bari ya riƙa gamawa nan take, sai wani wasan daban da ya dogara da jinkirin ya birkice. Akwai masu auna lokaci da ƙirge, su sa ƙwaƙwalwa ta ƙirga daga dubu kaza zuwa sifili don a ba faifai damar juyawa. Saurin ƙirgen ya canza, faifan ya ƙi karantuwa. Irin waɗannan ko a kan sababbin Amiga masu sauri ƙin tashi suke yi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na ɗabi'ar 68000 ta karanta gaba. Kafin ta aiwatar da umarni ta riga ta ɗauko kalmomin da ke biye ta riƙe. To, akwai manhajojin da ke sauya umarninsu da kansu suna cikin gudu. Idan manhaja ta sauya umarnin da ke dab da ita, ainihin 68000 ba za ta ga sauyin ba, tsohon da ta riga ta ɗauko za ta bi. Makwaikwayiya mai gaskiya da tsabta kuwa sabon za ta karanta, ta bi wata hanya daban, ta faɗa rami. Wato sai an koya wa ɗan wasan har da ɗingishin mamacin. Babu littafin kamfani da zai jera maka duk irin waɗannan, wasu ma saɓa wa littafin suke yi.

Alƙalan ƙarshe su ne ayyukan da ake kira demo. Waɗannan ba wasa ba ne, gajerun shirye-shirye ne na hoto da kiɗa da ƙungiyoyin matasan Turai ke haɗawa don nuna gwaninta, a tafi gasa da su. State of the Art na ƙungiyar Spaceballs ta Norway, wanda ya ci gasa a 1992, inuwar masu rawa ce ke motsi a kan launuka masu walƙiya, kamar bidiyon waƙa, duk daga faifai ɗaya. Desert Dream na Kefrens ta Denmark ya biyo baya a 1993. Masu irin wannan aiki da gangan suke matsa wa na'urar har iyakarta, suna ƙirga kowace dama ta layin famfon nan. Makwaikwayiya ta kuskure da dama ɗaya, sai ka ga tsaga a tsakiyar allo ko launi ya zube inda bai kamata ba.

Hanyar gwajin kanta ba ta da wani asiri. A ajiye Amiga ta gaske a gefe, PC a gefe, a saka abu ɗaya, a zuba ido da kunne. Wanda ya ga bambanci ya rubuta wa masu manhajar: wasa kaza, mataki na kaza, ƙafar jarumin tana ɓacewa idan ya yi tsalle. Su kuma su bi dubban umarni ɗaya bayan ɗaya har su gano inda aka rabu. A gyara, a fitar da sabuwar siga, sai wani ya rubuto cewa abin da ke aiki jiya yau ya daina. Duk editan da ya taɓa gyara sin ɗaya ya tarar sautin sin uku na gaba ya goce ya san wannan ciwon.

Ga kuma rashin sauri. Kwamfutar Pentium ta tsakiyar shekarun 1990 ta ninka Amiga 500 gudu fiye da sau goma a lissafin megahaz, amma idan aka ɗora mata UAE da wasa sai ta koma rarrafe. Dabarar da aka riƙa yi ita ce tsallake hoto, a zana ɗaya a bar biyu ko uku, ko a kashe sauti gaba ɗaya. Wannan ya sa wani ɗan Norway, Petter Schau, ya rubuta tasa makwaikwayiyar mai suna Fellow, ya yi manyan sassanta da yaren ƙwaƙwalwar Intel kai-tsaye, ta kuma fi sauri a kan ƙananan kwamfutoci. Schmidt shi da yaren C ya yi tasa, ya kuma bar rubutun a buɗe ga kowa. A ganina wannan zaɓin ne ya yi wa UAE rana. Saurin da ta rasa, kasuwa ta kawo mata shi, tunda kowace shekara kwamfutoci ƙara gudu suke. Sauƙin ɗauka kuwa ya sa aka kai ta DOS da Macintosh da Windows, har da kan ita kanta Amiga. Mathias Ortmann ne ya fara sigar Windows, wato WinUAE, Brian King ya ci gaba. A shekarar 2000 Bernd Meyer ya kawo dabarar fassara tarin umarni sau ɗaya a ajiye, maimakon fassara kowanne duk lokacin da aka zo kansa, sai ga Amiga ta jabu tana tsere wa kowace Amiga da Commodore ya taɓa ƙerawa.

Abin da ɓarayin zaune suka adana

Akwai wani ɓangare na labarin da ba zai yi wa 'yan fim da marubuta daɗi ba, su da satar fasaha ta daɗe tana cinye wa jari. Kamfanonin wasanni sun riƙa sa wa faya-fayansu makulli don hana kwafi: zagaye mai tsawon da ya saɓa ƙa'ida, ko rubutu mai saurin da na'urar gida ba ta iya maimaitawa. Tsarin Copylock na Rob Northen yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Fayil ɗin ADF kuwa tsarin ƙa'ida kawai ya sani. Sakamakon haka, wanda ya sayi wasansa da kuɗinsa bai iya mayar da shi fayil ba, amma kwafin da 'yan fasa makulli suka cire wa kariya yana shiga lafiya lau. Shekaru da dama, yawancin abin da aka gwada UAE da shi, kuma aka adana, kwafin sata ne, ɗauke da tambarin ɓarayin da kiɗansu a farko. Waɗannan 'yan tambura ma su ne asalin demo, al'adar da Finland ta sa cikin jerin kayan gadonta a 2020, Jamus ta bi a 2021.

Wannan bai wanke satar ba, kuma kwafin da aka fasa sau da yawa an yanke masa wani abu ko an gurgunta shi. Amma ya nuna cewa masu haƙƙin ba su yi tanadin komai ba, da yawansu ma sun rushe. Mu ma nan abin ya kamata ya tsaya mana a rai. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa finafinan da suka cika kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, a kan kaset na bidiyo aka sayar da su, kuma kaset yana cin kansa ko ba a taɓa shi ba. Gida nawa ne yau ke da bidiyo mai kaset da ke aiki?

A wajen masu Amiga, gyaran ya zo a 2001, lokacin da István Fábián da abokansa suka kafa ƙungiyar CAPS, wadda daga baya ta zama Software Preservation Society. Sun fito da tsarin fayil na IPF mai adana faifai yadda kamfani ya buga shi, har da makullinsa. Wannan ya ƙara wa makwaikwayiya wata jarrabawar, domin yanzu sai ta gamsar da makullin da aka ƙera musamman don gane jabu. Daga wannan aikin ne na'urar KryoFlux ta fito, wadda ba ruwanta da ma'anar abin da ke kan faifai, sauyin maganaɗisu kawai take aunawa ta rubuta.

Da ita aka koma kan Andy Warhol. A 2011 wani mai zane, Cory Arcangel, ya ga bidiyon bikin 1985, ya tambayi gidan tarihin Warhol da ke Pittsburgh ko faya-fayan mutumin suna nan. Suna nan kuwa. 'Yan ƙungiyar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon suka kwafe su, suka tarar fayilolin suna cikin wani tsari da babu manhajar da ta gane shi, suka zauna suka warware shi. A Afrilun 2014 aka sanar da hotuna 28, ciki har da gwangwanin miyar Campbell's da wata Venus mai ido uku. A 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da biyar daga ciki a kan sama da dala miliyan uku.

Shi kuwa gwaji bai tsaya ba. Tun farkon shekarun 2000 ragamar WinUAE take hannun Toni Wilen, ɗan Finland, wanda ya mayar da hankali kan kwaikwayon kowace dama ta layin famfon nan daidai da lokacinta. Ido da kunne suka daina isa, aka koma maƙala na'urar aune-aune a ƙafafun cif ana karanta abin da ke wucewa. A 2019 ya fito da manhajar gwajin ƙwaƙwalwa: makwaikwayiya ta lissafa amsar da take zato ga ɗimbin umarni, a kai wa Amiga ta gaske ta yi nata, duk inda suka saɓa a san ta jabu ce ta yi kuskure. Cif ɗin da ake yi wa wannan binciken a 1979 Motorola ta fitar da shi. A 2022 kamfanin Retro Games na Ingila ya fito da A500 Mini, 'yar ƙaramar Amiga mai wasanni 25 da ake jonawa da talabijin ta zamani. Babu Agnus ko Denise ko Paula a cikinta, cif ne irin na wayar hannu yana gudanar da Amiberry, ɗaya daga cikin jikokin UAE. A 2025 kuma Wilen ya fitar da WinUAE siga ta 6, inda ya sake rubuta sashen kwaikwayon cif ɗin Amiga kusan daga tushe.